Hannu a Sahun Ƙarshe

Allurar tana cikin wani tsohon kwalin ashana, kwalin kuma yana can ƙasan jaka, ƙarƙashin katin gayyata da maganin hawan jini. Sau uku Malama tana laluba shi a cikin tasi, sai ka ce allura tana da ƙafar guduwa. Da suka iso ƙofar kwaleji direban ya yi wata magana ba tare da ya juyo ba, ita kuwa ta ce, "Amin, na gode." Sai da ta sauka ta ga irin kallon da yake mata, sannan ta gane tambayarta ya yi ko ya jira ta.

Shekara tara rabonta da wannan haraba. Kwalejin ba wata babba ba ce, ta gari ce, irin wadda ake shekara biyu a fita da takarda. 'Ya'yan masu shaguna ne ke cika ta, da ma'aikatan da ke neman ƙarin girma, da waɗanda jami'a ta ce su dawo baɗi. A nan Malama ta yi shekara talatin da ɗaya tana koyar da murya da wasan kwaikwayo, tana buɗe bakin mutanen da suka saba magana ciki-ciki.

Ginin sashen wasannin kwaikwayo ɗakuna uku gare shi, kowanne da allon tagulla a bakin ƙofa. Ɗakin kiɗa sunan shugaban kwalejin na farko aka sa masa, mutumin da, Allah ya jiƙansa, ko tafi bai iya yi daidai da jama'a ba. Ɗakin katako da ke bayan dandamali, inda ake haɗa bangaye da ƙofofin ƙarya na wasa, sunan mai aikin katakon sashen ne a kansa, wanda kowa ke kira Kafinta. Babban zauren kuwa, mai kujera ɗari uku da goma sha biyu, shi ne nata. An rubuta cikakken sunanta har da na mahaifinta, amma ba wanda ya taɓa wahalar da bakinsa. Zauren Allura kowa ke ce masa. A cikin masu sunayen nan uku ita kaɗai ta rage da rai, abin da kan ba sababbin ɗalibai mamaki in an gaya musu.

Asalin laƙabin kuwa ga shi. Lokacin da aka gina zauren babu lasifika. Malama ta ce muryar ɗalibi ce za ta kai kanta sahun ƙarshe, Kafinta kuma ya ce to sai a gyara mata hanya. Wata bakwai ya yi a kan tsani yana lanƙwasa katakon silin, ya sauko ya tafa hannu ya saurara, ya girgiza kai ya koma. Da ya gama sai ya buga ƙusar tagulla guda a tsakiyar dandamali, ya ce nan ce cibiyar ɗakin. Tun daga ranar, duk farkon zangon karatu, kafin ɗalibi ya taka katakon, sai an yi gwaji. Malama ta tsaya a kan ƙusar da allura a hannu. Kafinta ya tafi kujerar ƙarshe ta sahun ƙarshe, ya jawo hularsa ya rufe ido. Ta saki allurar a lokacin da ta ga dama. In ya ji faɗuwarta, ya ɗaga hannu.

Takan yi masa wayo. Wani lokaci ta saki nan take, wani lokaci ta ƙirga har ɗari biyu a zuci tana jira ya ƙosa. Bai taɓa faɗa wa tarkonta ba. Akwai shekarar da ta saki sau biyar hannun bai motsa ba, ga wasa saura kwana huɗu, ga ɗalibai a tsaye a waje.

"Kunnenka ne ya tsufa," in ji ta.

"Kunnena ƙalau yake, ɗakin ne ba lafiya."

"To ɗaga mana mu wuce wurin, ka gyara daga baya."

"Malama, hannuna ba na siyasa ba ne. In tafi kike so, ga ɗalibanki can."

Kwana biyu ba su gaisa ba. A na uku ya sauko daga silin fuskarsa duk ƙura, riƙe da sheƙar tattabaru da ta toshe wani lungu. Ta saki allura, hannu ya tashi, aka buɗe ƙofa. Ba ta ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Haka suka yi shekara ashirin da shida, tsakanin harshe da haƙori. Ranar da ta je duba shi a asibiti magana ta riga ta ɗauke masa. Ta sunkuya ta ce, "Kafinta, kana ji na?" Ya ɗaga hannu kaɗan daga kan bargo, ta kuwa yarda, don ta san bai taɓa ɗaga shi a banza ba.

Yanzu ita ce kunnen ya yi wa nauyi. Ya fara da na hagu, na dama ya bi sahu. 'Yarta da ke aure a wani gari ta aiko mata da na'urar ƙara ji, ta sa sau biyu, abin ya riƙa yi mata fito a ka, ta jefa shi cikin aljihun tebur. Abin da ya cece ta shi ne sana'arta. Wadda ta shekara talatin tana kallon leɓɓan mutane ba ta rasa karanta su ba. Ta juya kujerar baƙi a falonta ta fuskanci taga, don haske ya faɗa a bakin duk wanda ya zauna.

Sai dai baƙin ba su da yawa, kuma ba rashin jin ne ya fi damunta ba. Tun da kunnen ya tafi ta lura mutane sun daina yi mata musu. Ta ce za a yi ruwa, maƙwabciya ta ce lallai. Ta ce ba za a yi ba, maƙwabciya ta ce ai kuwa. 'Yarta in ta zo, kome aka faɗa, "Haka ne, Mama." Musu yana bukatar maimaici da ɗaga murya, "haka ne" kuwa gyaɗa kai ya ishe shi. Wannan kaɗaicin ya fi na gidan da ba kowa ciwo, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa, don shi ma haka ne zai ce.

Mako biyu da suka wuce shugaban sashen wasanni ya zo da kansa da katin gayyata. Tsohon ɗalibinta ne, yanzu har da furfura a gemu. Azarɓaɓi take kiransa tun yana aji ɗaya, saboda bai taɓa bari abokin wasa ya dire magana ba kafin ya jefo tasa. Akwai wasan da ya faɗi matacce kafin a harbe shi. Ya zauna a kujerar taga, ya riƙa magana a hankali yana buɗe baki sosai, nan take ta gane 'yarta ta riga ta yi masa waya.

"An gama gyaran zaure, Malama. Ranar Asabar ta sama za a buɗe. Abin da muke roƙo kawai ki hau ki ce kin gani kin yaba, zaurenki yana nan yadda kika bar shi."

"Yana nan yadda na bar shi?"

"Ya ma fi."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Ya yi dariya yana sosa ƙeya, kamar dai yadda yake yi in ta kama shi bai haddace ba.

"Ba zan ce komai ba sai na saki allura," in ji ta.

"Malama, ai yanzu akwai na'urar da ke auna sauti, har lamba take bayarwa."

"Na'urar tana da hannu?"

Shi ya sa yau Juma'a da hantsi, ana gobe biki, take tsaye a bakin zauren tana kallon allon sunanta da aka goge har yana ɗaukar ido. Ba taurin kai ne kawai ya kawo ta ba. So take ta sani ko abin da ita da Kafinta suka ƙare ƙuruciyarsu a kai yana da rai har yanzu, ko kuwa sunan ne kaɗai ya rage a bango. Kunnenta ba zai gaya mata ba. Dole ta ari na wani.

Azarɓaɓi ya taho da sauri ya karɓi jakarta, ta karɓe abarta. Tare da shi akwai mai kula da sauti, wani magidanci mai ƙiba da tarin makullai a ƙugu. Suka bi ta bayan dandamali saboda matakalar can ta fi sauƙi, suka ratsa ɗakin Kafinta. An goge nasa allon shi ma. Teburin aikinsa yana nan da sawun zarto a gefe, amma kwalayen da aka ciro sababbin lasifikoki ne jibge a kai har sama. Babu ƙamshin katako. Ta taɓa gefen teburin ta wuce.

Zauren ya yi kyau, wannan ba musu. Kujeru jajaye masu laushi, kafet tun daga ƙofa har gindin dandamali, bango an lulluɓe shi da soso mai ruwan toka. Lasifikoki baƙaƙe guda shida suna rataye dama da hagu. Ta ɗaga kai. Inda katakon Kafinta yake lanƙwashe a da, yanzu fararen allunan silin ne shimfiɗe, da ƙananan fitilu jere.

"Ina katakon?"

"Yana nan a sama, Malama, ba mu taɓa shi ba," in ji mai sauti, ya matso gabanta yadda za ta ga bakinsa. Ashe shi ma an gaya masa. "Rufe shi kawai aka yi. Yanzu ko raɗa yaro ya yi a makirufo, na baya zai ji."

"In wuta ta ɗauke fa?"

"Akwai janareta."

"In ya ƙi tashi?"

Mai sauti ya dubi shugabansa. Azarɓaɓi ya yi wuf ya ce, "Gaskiyarki, Malama, haka ne." Ta so a ce mai sautin ya tsaya ya kare aikinsa, ya ce mata tsohuwa ce mai ƙin sabon abu. Da ta ji daɗin rigimar.

An kankare dandamalin an shafe shi da baƙin fenti, ƙusar tagulla ta ɓace. Mai sauti ya ce bai taɓa sanin da wata ƙusa ba. Malama ta cire takalminta na dama, ta riƙa jan tafin ƙafa a kan katakon a hankali, taku bakwai daga bakin dandamali, ta ɗan karkata hagu. Can ta ji ɗan tudu ƙarƙashin babban yatsa. Fenti ya rufe ta, amma tana nan. Ta tsaya a kai da ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Ku kashe na'urar sanyin nan, ku kashe lasifikokin. Ku je sahun ƙarshe. Kai ka san yadda ake yi."

"Na sani, Malama. Sau huɗu ina leƙe ta taga," in ji Azarɓaɓi.

"Ku rufe ido. Wanda ya ji ya ɗaga hannu, wanda bai ji ba ya bar hannunsa inda Allah ya ajiye shi. Ba laifi ba ne a ce ba a ji ba. Kun gane? In ba a ji ba, sai a nemi dalili."

"Mun gane."

Ta bi su da kallo suna hawa. Wani ɗan ƙyalle da aka ɗaura a bakin na'urar sanyi ya daina kaɗawa, ta haka ta san an kashe. Azarɓaɓi ya kai kujerar ƙarshe, ya ɗan tsaya, sai ya bar ta ya zauna a ta kusa da ita. Wannan ya burge ta. Mai sauti ya zauna gefensa, makullansa a cinya. Suka sunkuyar da kai.

Ta ciro kwalin ashanar, ta zaro allurar. Ita ce dai ta asali, wadda ta aro a wajen mai ɗinkin kayan wasa shekarar farko ba ta mayar ba. Ta riƙe ta tsakanin yatsa biyu, ta miƙa hannu daidai ƙirji. Kada dai allura ta tono garma, ta faɗa a ranta, amma ai don tonon ta zo. Ta fara ƙirga kamar yadda ta saba. Ɗaya, biyu, uku. Ta yi niyyar kaiwa arba'in.

Tana goma sha huɗu hannun Azarɓaɓi ya tashi.

Ya tashi sosai, a miƙe, irin na yaron da ya san amsa. Mai sauti ya buɗe ido ɗaya ya saci kallon gefensa, shi ma ya ɗaga nasa, rabi da rabi. Malama ta dubi hannuwan biyu. Ta dubi yatsunta. Allurar tana nan, har ta yi mata ɗan sawu a fata saboda matsewa. A hankali ta dunƙule hannun ta sauke shi gefenta.

Suka sauko suna murmushi. Azarɓaɓi ya tsaya a gindin dandamali, ya ɗago fuska yadda haske zai faɗa masa.

"Mun ji, Malama. Ƙis, kamar a gefen kunnena. Ko ba haka ba?"

"Haka ne," in ji mai sauti, idonsa a kan makullai.

Ta daɗe tana kallon tsohon ɗalibin nata. Babu mugunta a fuskarsa ko ƙwayar zarra. Ƙauna ce zalla, da tausayi, da fargabar gobe. Wataƙila ma ya ji wani abu, ƙarar kujera ko motsin makulli, zuciyarsa ta ƙarasa masa sauran. Da a ce raini ne, da ta san abin da za ta yi da shi, don ta iya faɗa. Wannan kuwa ba ta san inda za ta kama shi ba.

"Madalla," ta ce. "Ku ba ni minti biyar ni kaɗai."

Suka fita ta ƙofar gefe da saurin waɗanda aka sauke wa kaya. Ta ga ƙofar ta rufu.

Zauren ya rage daga ita sai kujeru ɗari uku da goma sha biyu, duk a naɗe. Ta gyara tsayuwa a kan ƙusar. Ta sake miƙa hannu, ta ƙirga arba'in ɗinta cif, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sannan ta buɗe yatsu.

Ta ga ɗan walƙiyar allurar sau ɗaya, shi ke nan. Ba ta ji komai ba, dama ba ta sa ran ji ba. Ta ɗaga ido can sama, kujerar ƙarshe ta sahun ƙarshe, ta jira kamar yadda ta jira sau biyar a shekarar tattabaru. Kujerar tana naɗe, ba abin da ya motsa.

"To," ta ce, da cikakkiyar muryar da ta koya wa mutane, ba ta san ko ta kai can ko ta maƙale a soso ba. "Kai ma ba ka ji ba ke nan."

Ta ɗan tsaya, sai ta tuna abin da take wa ɗalibai faɗa a kai kullum: ba a barin allura a dandamali. Ta durƙusa da ƙyar, gwiwa ɗaya sannan ɗayar. A da katakon fari ne, allura na faɗuwa ka gan ta. Baƙin fentin nan ya shanye ta. Ta shiga shafa katakon da tafin hannu, tana kewaya ƙusar.

Ba ta ji buɗe ƙofa ba. A gwiwoyinta ta ji takun mutum yana zuwa ta cikin katako, taku mai sauri, ta san mai shi. Azarɓaɓi ya tsuguna a gabanta, ya leƙo fuskarta.

"Malama, lafiya? Me ya faɗi?"

"Allurar."

"Ai tun ɗazu da kika..."

"Yanzu na sake ta."

Bakinsa ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Duk iya karatun leɓɓanta ba ta sami abin karantawa ba. Ya dubi sahun ƙarshe, ya dubi farin silin, sannan ya dubi hannunsa na dama kamar aro ya yi.

"Taya ni nema," in ji ta. "Yara suna rawa a nan ba takalmi."

Ya sauke hannun a kan katako. Suka shiga lalube, ita ta gabas da ƙusar, shi ta yamma, babban mutum da rigarsa mai guga yana jan gwiwa a baƙin fenti. Can ya tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, me za ta faɗa wa jama'a gobe. Kanta yana sunkuye, ba ta ga bakinsa ba.